Ƙarfin Ƙara Ba Shi Ne Ingancin Hedifon Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani abu da ya zama ruwan dare a hannun matasa har da dattawa, wato iyafis da hedifon da muke sauraron karatu da labarai da waƙoƙi da su. Duk wanda ya ratsa layin masu kayan waya a nan Gombe ya san yadda cinikin yake gudana. Mai saye zai duba sunan da ke jikin kwali, ya tambaya ko abin yana da bes, wato bugu mai kauri, mai kanti kuma ya ƙure ƙarar wayarsa ya liƙa masa a kunne, da zarar ya ji kansa ya ɗauki rawa sai ya biya. A ganina wannan gwaji kullum jabu yake bai wa nasara, domin ƙara da bugu ba su da wuyar samarwa ga masu haɗa kayan arha, alhali tsabtar sauti, wadda za ta sa a ji kowane harafi da kowane kiɗa a mazauninsa, ita ce take cin kuɗi da ƙwarewa.

Abin da ya kamata mutum ya fara tambayar kansa shi ne a ina zai riƙa sauraro. Wanda yawancin sauraronsa a cikin keke napep ne, ko a tasha, ko a motar haya tsakanin Gombe da Bauchi, babban abokin gabarsa shi ne hayaniyar waje, saboda haka abin da ya dace da shi iyafis ne mai robar da take toshe ramin kunne, ko hedifon mai rufaffen baya. Masu inganci sukan zo da robobi girma uku a cikin kwali, amma da yawa daga cikinmu ba ma ko buɗe ledarsu, alhali idan robar ba ta zauna daidai a kunne ba bugun yakan zube, sautin ya yi siriri, mutum ya yi ta ƙara murya yana zargin kayan. Akwai kuma masu kashe hayaniya da kansu, waɗanda suke da ƙaramin makirfo da yake jin ƙarar waje sannan na'urar ta fitar da kishiyarta ta shafe ta. Suna aiki sosai a kan ƙara mai ɗorewa irin ta injin mota ko janareta, amma ba su cika iya wa surutun mutane da hon ba. Sai dai wanda yake kan babur ko yake ƙetare titi bai kamata ya toshe kunnuwansa da kowane iri ba.

Sauraron gida kuwa wani sha'ani ne daban. A nan ne hedifon mai buɗaɗɗen baya yake nuna fifikonsa, irin wanda kamfanin Sennheiser na Jamus ya fara fitarwa a 1968. Da yake iska tana ratsa shi, sautin yakan buɗe har mai sauraro ya iya bambance kalangu da gurmi da muryar 'yan amshi, kowanne a gefensa, kuma kunne ba ya yin gumi kamar yadda yake yi a ƙarƙashin soso mai rufin leda a zafin watan Maris da Afrilu. Aibinsa shi ne na kusa da kai yana jin abin da kake ji, kai ma kana jin duk motsin gidan, don haka wanda ɗakinsa yake jikin janaretan maƙwabci asarar kuɗi zai yi idan ya saye shi. Ƙurar hunturu ma tana shiga ta ragar bayansa idan ba a adana shi a jaka ba.

Akwai wata lamba a jikin kwali da ta fi duk sauran amfani, amma ita ce aka fi tsallakewa, wato om, ma'aunin da yake nuna yadda hedifon yake turje wa wutar da ake tura masa. Wanda yake tsakanin om 16 zuwa 32 galibi waya tana iya ɗaukarsa ba tare da wahala ba. Wanda ya kai om 250 ko 300 an yi shi ne domin a haɗa shi da amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, a gida ko a ɗakin naɗar sauti. Misali, Sennheiser HD 600 om 300 ne, shi kuwa Beyerdynamic DT 770 Pro ana yin sa a om 32 da 80 da 250, suna ɗaya, kamanni kusan ɗaya, amma kowanne da inda ya dace. Sai ka ga mutum ya tara kuɗi ya yi odar mai om 250 daga waje, ya jona a wayarsa ya ji sautin ba ƙarfi, ya ce an cuce shi, alhali wayar ce ba ta da wutar tura shi. Ita kuwa lambar nan ta 20 zuwa 20,000 da ake bugawa da manyan haruffa, iyakar sautin da kunnen ɗan Adam yake iya ji ce kawai, daga mafi kauri zuwa mafi siriri, kuma mai kyau da maras kyau duk suna buga ta.

Tun da Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016 wasu kamfanoni suka bi sahu, Bluetooth ya mamaye kasuwa, kuma ba na musun sauƙinsa. Amma a garin da ake ɗauke wuta, duk abin da sai da caji ƙarin ɗawainiya ne, ga shi ƙananan batiran nan zafi yana saurin gajiyar da su, kuma idan suka mutu da wuya a iya sauya su. Mai igiya ba ya neman caji, kuma a farashi ɗaya yakan fi tsabtar sauti, musamman idan aka samu wanda igiyarsa take cirewa, tunda daga wuyan igiya yawancinsu suke fara lalacewa. Ya kamata a sani kuma cewa hedifon mai kyau ba ya gyara sautin da ya riga ya lalace. Waƙar da aka matse ta don ta yi ƙaramin nauyi, aka yi ta yawo da ita daga memori zuwa memori a wajen masu turi, shi ne ma zai fi tona asirinta.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne lafiyar kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro da ƙara mai yawa. Ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) na tsawon sa'o'i 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci gida biyu, sannan ta ba da shawarar kada murya ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'ura. Ƙananan ƙwayoyin ji da suke can cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa, kuma shuwar da mutum yake ji bayan ya cire iyafis alama ce ta cewa ya wuce gona da iri. Kayan da ba sa toshe hayaniya kuma ba sa fitar da magana sarai su ne suke tilasta wa mai su ƙure murya, shi ya sa araha a nan ba ta ado.

Shawarata ga mai saye ita ce ya je da wayarsa da karatu ko waƙar da ya sani ciki da waje, ya tsayar da murya a rabi, ya saurara ko haruffa suna fita daga mafitarsu ba tare da bugu ya danne su ba, ya tabbatar dama da hagu ƙarfinsu ɗaya, ya ɗan motsa wuyan igiyar ya ji ko sautin yana yankewa. Idan aka ɗora sunan babban kamfani a kan farashin da bai kai rubu'in na ainihi ba, to ya san jabu ne. Ina kuma kira ga ƙungiyoyin masu sayar da kayan waya a Gombe da Bauchi da su sa 'yan'uwanmu 'yan kasuwa su riƙa ware na gwaji, suna goge robarsa bayan kowane mai saye, su kuma riƙa bayar da rasit da aka rubuta kwanakin garanti a jikinsa.

Na gode da ba ni wannan fili. Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Jekadafari, Gombe