Rahoton Ayyukan Shekara Daga Sakatare Zuwa Ga Mambobin Ƙungiya

Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan kwamiti da sauran 'yan uwa masu karatu maza da mata, assalamu alaikum.

Ga bayanin abin da muka yi a shekarar da ta ƙare, da abin da muka sa a gaba amma bai yiwu ba. Na san inda hankalin kowa yake, wato ranar da Malama, marubuciyar da muka gayyata, ta zo. Ku yi mini haƙuri in fara sallamar ƙananan batutuwa, domin idan na fara da waccan rana ba wanda zai tsaya jin sauran.

Zaman karatu na wata-wata ya gudana yadda aka saba, in ban da sau ɗaya da muka ɗage saboda rasuwar ɗaya daga cikin iyayenmu, Allah ya jiƙan ta. Dokar da muka kafa cewa wanda bai karanta littafin watan ba ya zo ya saurara amma kada ya yi sharhi, ta yi aiki rabi da rabi. Har yanzu akwai masu karanta bangon baya su zo suna kafa hujja da ƙarfin murya. Mun san su, su ma sun san kansu. A ranar 21 ga Fabrairu, Ranar Harshen Uwa ta Duniya, kowa ya karanta shafi ɗaya cikin harshen da ya tashi da shi. A 8 ga Satumba kuma, Ranar Yaƙi da Jahilci, mun tara littattafan da muka gama da su muka kai wa wani ajin koyon karatu na manya. Zaman waƙa da muka shirya yi ranar 21 ga Maris bai samu ba, shirin zuwan Malama ya haɗiye shi.

To, mu zo ga babbar rana. Ban ga amfanin kama suna ba, tunda ba wanda ke cikinmu da bai san wadda muke nufi idan muka ce Malama ba. Wasiƙarmu ta farko mun aika mata kai tsaye, shiru kamar an shuka dusa. Sai wani ɗan kwamiti ya ba da shawarar mu bi ta kamfanin da ke buga littattafanta, domin su ke riƙe da jadawalin fitarta. Ashe nan ce ƙofar. Ta amsa, da sharaɗin ba ta son dogayen jawabai na yabo: za ta yi karatu, ta amsa tambayoyi, ta sa hannu a littattafai. Muka tsayar da 23 ga Afrilu, ranar da UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ware tun 1995 da sunan Ranar Littafi da Haƙƙin Mallaka ta Duniya. Mu dai Ranar Littafi muke cewa, mu haɗiye sauran sunan. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Zauren ya cika tun kafin lokaci, da mambobi da waɗanda ba mu taɓa gani ba, wasu a tsaye jikin bango, wasu a bakin taga. Da ta shigo, da yawa ba su gane ta ba, don hoton da ke bayan littattafanta tsoho ne. Tana fara karatu lasifika ta ɗauke. Muna ta kai da kawo da waya, ta ɗaga hannu ta ce a bar shi, in kowa zai yi shiru muryarta za ta kai. Wuri ya yi tsit. Ta zaɓi wani babi da muka taɓa kwashe zama guda muna gardama a kansa, yawancinmu mun karanta shi a matsayin wurin kuka. Ita kuwa sai ta karanta shi da dariya a ƙasan murya, tana jan maganar tsohuwar da ke cikin babin yadda masu tsegumi suke yi. Na waiwaya na ga masu gardamar nan suna kallon juna. Ni a ganina wannan kaɗai ya biya wahalar da muka sha.

Lokacin tambayoyi bai yi mini daɗi ba. Rabin waɗanda suka karɓi dama jawabi suka yi, ba tambaya ba, har wani ya so ya karanta mata nasa labarin. Wanda ya ceci zaman shi ne saurayin da ya miƙe ya ce, “Malama, don Allah me bawan Allahn nan ya yi miki kika kashe shi a ƙarshe?” Zaure ya ɗauki dariya. Ta ce ita ma ta yi ƙoƙarin ceto shi, ta sake rubuta ƙarshen ba sau ɗaya ba, amma duk ƙarshen da ya rayu a cikinsa ƙarya yake zama.

Inda muka yi kuskure shi ne layin sa hannu, kuma laifin nawa ne kafin na kowa. Ba mu raba lamba ba, ba mu ƙayyade yawan littafin da mutum zai miƙa ba. Wasu sun zo da jaka cike, har da na maƙwabta. Daga baya wakilin kamfanin ya nuna mana yadda ake yi a irin waɗannan taruka: mutum ɗaya ya bi layi yana rubuta sunan kowa ɓaro-ɓaro a 'yar takarda ya saƙala a littafin, a buɗe shi a shafin take tun kafin a iso tebur, mutum ɗaya kuma ya riƙa ɗaukar hoto da wayar kowa don kada a tsaya ana neman kyamara. Mu ba mu yi ko ɗaya ba. Malama ta yi ta rubutu har na ga tana ajiye biro tana murza yatsu. Dattawan da suka ƙi shiga turereniya sun tafi ba su samu ba, su ne kuma suka fi daɗewa suna karanta ta. Ina ba su haƙuri a madadin kwamiti.

A cikin layin nan akwai wata yarinya da ba mambarmu ba ce. Littafin da ke hannunta ya sha jiki, an ɗaure bayansa da salatif, gefen shafukan ya yi baƙi. Na ji ta a layi tana maimaita abin da za ta faɗa. Da ta iso gaban tebur komai ya gudu, ta miƙa littafin kawai. Malama ta ce, “'Yata, ya sunanki?” Sai hawaye. Da ƙyar ta ce na mahaifiyarta ne, ta rasu. Malama ta dakatar da layi, ta riƙa buɗe shafuka tana duba wuraren da marigayiyar ta ja wa layi da jan biro. Ta tambayi sunan uwar, ta rubuta shi a sama, na 'yar a ƙasa. Duk masu ƙorafin layi ba wanda ya ce uffan.

Ni ne na ƙarshe, kuma a kaina abin kunyar ya faɗa. Na miƙa nawa kwafin, ta karɓa, ta ɗan jinjina shi a hannu, ta ɗaga shafi ɗaya saitin haske. Rubutun baya yana leƙowa ta gaba. Ta buɗe farko, shafin sadaukarwa babu. Ta sa mini hannu, sannan ta ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, “Sakatare, wannan ba namu ba ne.” Na jabu ne. Shekara da shekaru yana kan kantata ina alfahari da shi.

Wannan ya sa kwamiti ya zauna ya karanci rabin sunan nan da muke haɗiyewa, wato haƙƙin mallaka. Kuɗin littafi na gaskiya ana raba shi tsakanin mai shago, dillali, kamfanin ɗab'i da kuɗin takarda da bugu, marubuci kuma ya sami ɗan kaso a kan kowane kwafi da aka sayar. Na jabu kuwa babu abin da ke isa hannunsa. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda mafi yawan ƙasashen duniya suka shiga, ta ba marubuci haƙƙin aikinsa tsawon rayuwarsa da aƙalla shekara 50 bayan mutuwarsa. Wasu cikinmu sun ɗauka lambar ISBN da ke bayan littafi, mai alƙaluma 13 da ke farawa da 978 ko 979, ita ce shaidar na gaskiya. Ba haka ba ne, domin masu satar fasaha hoton bangon suke ɗauka da lambar gaba ɗaya. Sai dai a duba kaurin takarda, kaifin tawada, gam ɗin da ya riƙe shafuka, da ko launin bango ya dushe. Da muka bi kantar laburarenmu da wannan ma'auni, abin da muka tsame ba kaɗan ba ne.

Saboda haka daga yanzu ƙungiya ba za ta sayi littafi ba sai daga kamfanin da ya buga shi ko dillalin da ya amince da shi, kuma an hana tura littattafan PDF a zaurenmu na WhatsApp. Na san wannan bai yi wa wasu daɗi ba. Masu cewa littafi ya yi tsada gaskiya suka faɗa, ban musa ba. Amma dalilin kafa laburare ke nan, mu haɗa kuɗi mu sayi kwafi ɗaya na halak ya zagaya.

Akwai batu ɗaya da ya rage a buɗe. Ɗan uwanmu mai larurar gani, mun saba karanta masa littafin wata muna naɗa a waya. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 ta buɗe hanyar mayar da littattafai zuwa murya ko rubutun makafi domin irinsa, amma wannan dama ta bi ta dokar kowace ƙasa ce da hukumomin da aka amince wa, mu kuwa ƙungiyar karatu ce kawai. Mun tambayi Malama a wurin, ta ce ita ta yarda, amma mu rubuta wa kamfani don a samu a rubuce. Mun rubuta, muna jiran amsa. Shi dai ya samu nasa sa hannun: ta danna biro sosai a kan kati mai kauri har ya bi sawun rubutun da yatsa.

Wanda ya ɗora bidiyon Malama a Facebook lokacin da take hutawa bayan taro, ba da saninta ba, ya sauke bayan mun yi masa magana. An wuce wurin.

Lissafin kuɗi ma'aji zai kawo shi dalla-dalla. A taƙaice, hayar zaure da sufurin baƙuwa sun cinye mafi yawan abin da ke asusu, kuma masu bashin kuɗin ƙa'ida sun fi na bara yawa. Littattafan aro da suka wuce wa'adi a dawo da su kafin zaman wata mai zuwa. Kwafin da Malama ta sa wa ƙungiya hannu ba na aro ba ne, a laburare za a karanta su.

Shawarwarin da za a jefa wa ƙuri'a yau su ne gayyatar wani marubuci a baɗi, da naɗa mutum uku da aikinsu kawai kula da layi, da ba dattawan da suka rasa sa hannu kujerun gaba. Biron da Malama ta manta a kan tebur yana wurina. Masu kirana a kansa su daina, za a mayar mata tare da wasiƙar godiya, wadda ke jiran sa hannun Shugaba tun watan Mayu.

Sakataren Ƙungiya