Kannywood, ina fim ɗin uba da ɗa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni tela ne a Garwa, arewacin Kamaru. Kwanan baya wani yarona ya saka mana fim ɗin barkwanci na Amurka da aka fassara da Hausa. Labarin wani baƙar fata ne, tsohon bakanike, da ɗansa wanda ya yi arziki, ya auri baturiya, ya share shekaru bai taka ƙofar gidan ubansa ba.

Mun sha dariya, musamman inda tsohon ya isa gidan surukai da baƙin mai a farce, mai gadi ya nuna masa ƙofar baya don ya zaci mai gyaran famfo ne. Amma dariyar da ɗaci. Sai a 1967 kotun ƙolin Amurka ta soke dokokin hana auren baƙaƙe da farare, ke nan tsohon ya san zamanin. Duk da haka abin da ya fi cin ransa shi ne ɗansa na jin kunyar sana'ar da ta biya masa kuɗin makaranta.

To mu fa? Yaranmu nawa suka tafi Yawunde ko Duwala ko Faransa, sai dai su turo sefa ta waya, uba na gaisuwa da Hausa suna amsawa da Faransanci? Ga kuma gorin asali, wai wannan ɗan mahauta, wancan ɗan wanzamai.

Muna kallon finafinan Kano sosai a nan, amma kishiya da soyayya sun ishe mu haka. Masu shirya fim su taɓa wannan, kuma su bar mu mu yi dariya, kada su mayar da shi wa'azi.

Naku,
Wani tela daga Rumde Ajiya, Garwa