Gyara kan labarin ƙauyen Monowi mai mutum ɗaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Labarin da kuka kawo na Monowi, ƙauyen nan na jihar Nebraska a Amurka da mace ɗaya tak ta rage a cikinsa, ya fito kamar abin nishaɗi. Ba laifi, amma an bar masu karatu ba su san yadda gari ke zubewa haka ba, kuma adadin da kuka dogara da shi yana bukatar gyara.

Monowi na ƙaramar hukumar Boyd ne, tsakanin kogin Niobrara da na Missouri, dab da iyakar Dakota ta Kudu. Ƙasa ce ta ciyawa, itatuwa jefi-jefi. Abin da ya kai mutane irin wannan wuri shi ne dokar rabon filaye ta 1862: magidanci ya karɓi eka 160, kimanin hekta 65, ya yi gida a kai, ya noma, bayan shekara biyar filin ya zama nasa. Shi kuwa garin, layin dogo ne ya haife shi a 1902.

A nan lissafin yake. Manomin wancan lokaci da keken doki yake kai hatsinsa tasha, kuma dole ya je ya dawo kafin dare saboda dabbobi na jira. Don haka kamfanonin jirgin ƙasa suka riƙa kafa tasha kowane mil bakwai zuwa goma. Kowace tasha sai ta samu rumbun hatsi, kanti, maƙera, gidan waya, makaranta da coci. Murabba'in mil ɗaya eka 640 ne, wato gida huɗu ke nan, kowanne cike da 'ya'ya. Waɗannan gidajen ne ke ciyar da kantin, su ne ke cika ajin.

Sai abubuwa suka juya. Farin rashin ruwan sama na shekarun 1930 tare da karyewar farashin amfanin gona ya kori masu bashi. Bayan yaƙin duniya na biyu tarakta ta maye gurbin doki, mutum ɗaya ya iya nome abin da a da sai gida huɗu. Wanda ya tsaya ya saye gonar wanda ya tashi. Yau matsakaiciyar gona a Nebraska ta kai kusan eka 1,000. Mota da kwalta suka ƙarasa aikin, domin mai mota ba ya tsayawa a kantin ƙauye alhali babban gari na gabansa da kaya masu araha. Noman bai mutu ba, hannun da yake bukata ne ya ragu. Ɗalibai suka yi kaɗan aka haɗe makarantu, kuma da zarar an rufe makaranta, mai ƙananan yara ba ya ƙara zuwa ya zauna. Gidan waya ya rufe, jirgin ma ya daina zuwa.

Ƙidayar da ake yi duk shekara goma ta nuna gangarowar: mutum 123 a 1930, 40 a 1960, 6 a 1990, sai mata da miji a 2000. Mijin ya rasu a 2004, ƙidayar 2010 ta tarar da mutum ɗaya. Ƙaramar hukumar Boyd kanta ta sauko daga sama da 8,000 a 1910 zuwa ƙasa da 2,000 a 2020, don haka ba Monowi kaɗai abin ya shafa ba.

Ga gyaran. Kun ce ƙidayar 2020 ta nuna mutum biyu, kamar an yi baƙo. Babu wanda ya tare. A waccan ƙidayar hukumar ƙidaya ta Amurka ta ɗauki tsarin cusa ɗan kuskure da gangan cikin alƙaluman ƙananan wurare, ta ƙara nan ta rage can, don kada a gane mutum daga bayanansa. Jimillar jiha ba ta taɓuwa. A birni mai dubban mutane ba wanda zai lura, amma a garin mutum ɗaya ƙarin ɗaya ya ninka jama'a.

Abin da ya sa har yanzu ake kiransa ƙauye a hukumance kuwa, rajistarsa ba ta faɗuwa don mutane sun watse, sai an rushe ta. Matar ita ce shugabar gari kuma magatakarda, ita ke miƙa wa jiha tsarin hanyoyi kowace shekara domin samun kason kuɗi, ita ke biyan harajin da ke riƙe fitilun titi. Muna roƙon ku sanya wannan bayani na ƙidayar 2020 a fitowa ta gaba.

Wassalam.
Daga wasu masu karanta jaridarku.