Gashin da ke fito wa mace a haɓa yana buƙatar likita, ba reza kaɗai ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai albarka domin in yi magana a kan wata lalura da mata da yawa ke fama da ita a ɓoye, wato cutar rikicewar sinadaran jiki da ke shafar ma'ajiyar ƙwan mace, wadda likitoci ke kira PCOS, da kuma gashin da take fitar wa mace a haɓa da saman leɓe da ƙirji da ƙasan cibiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen mata, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda nake ganin ana bi da wannan gashi ta hanyoyi biyu da duk ba su kai mace ga sauƙi. Ita mai lalurar tana ɗaukarsa abin kunya da za a kawar da reza kafin kowa ya farka, mu kuma ma'aikatan lafiya sau da yawa muna ɗaukarsa maganar kwalliya wadda ba ta cancanci lokacinmu ba, sai mu wuce kai tsaye zuwa tambayar ko tana neman haihuwa. A tsakanin waɗannan biyun cutar da ke ciki take samun damar yin shekaru ba a taɓa ta ba, an bar jaki ana dukan taiki.

Ba sabuwar cuta ba ce, kuma ba ƙarama ba ce. Tun a 1935 wasu likitoci biyu a birnin Chicago na Amurka, Irving Stein da Michael Leventhal, suka bayyana ta a jikin mata 7 da suka duba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kama kusan mace 1 cikin kowace 10 da ke shekarun haihuwa, kuma har kashi 70 cikin 100 na masu ita ba a gano musu ita ba. Ita ce kuma kan gaba wajen hana ƙwan mace fita a kan lokaci. Tana bin dangi, don haka ba abin mamaki ba ne a same ta ga uwa da 'yarta ko ga ya da ƙanwa, kuma tana kama siririya kamar yadda take kama mai jiki, ko da yake ƙiba tana tsananta ta.

Ya kamata mai karatu ya fahimci yadda gashin yake samuwa, domin daga nan ne za a gane dalilin da ya sa magani yake ɗaukar lokaci. Kowace mace jikinta yana samar da ɗan kaɗan na sinadaran homon da suka fi yawa a jikin namiji, waɗanda ake kira androjin, kuma testosteron ne sananne a cikinsu. A jikin mai PCOS ma'ajiyar ƙwai tana samar da su fiye da ƙima. Ga mafi yawan masu cutar akwai kuma wata matsala da ke rura wannan, wato jiki ba ya amsa kiran insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, yadda ya kamata, sai ya riƙa zuba insulin mai yawa a cikin jini domin ya shawo kan sukari. Wannan rarar insulin tana ingiza ma'ajiyar ƙwai ta ƙara fitar da androjin, sannan tana sa hanta ta rage samar da wani furotin da aikinsa shi ne ya riƙe testosteron ya hana shi yawo sakaka. Idan sinadarin ya isa saiwar gashi a haɓa ko ƙirji, sai ya mayar da lallausan gashin nan da ba a ko ganinsa ya zama baƙi, mai kauri, mai tsayi. Shi ne dai yake kawo ƙurajen fuska da ba sa jin magani, kuma a tsakiyar kai aikinsa akasin haka ne, domin can gashin zubewa yake yi. Ƙwayayen da ya kamata ɗaya daga cikinsu ya nuna ya fita kowane wata kuwa sai su tsaya ƙanana a jere, su ne ake gani a hoton sikanin, kuma ba ƙari ba ne da ake buƙatar yi wa tiyata, abin da ya kamata a gaya wa kowace mace tun kafin ta fita daga ɗakin hoto cikin firgici.

Na sha ganin budurwa ta shigo da ƙorafin ƙuraje kawai, tana magana hannunta na kan haɓarta, sai da na roƙe ta ta sauke shi na ga ƙasan haɓar cike da baƙaƙen tabo da ƙananan kumburi, sakamakon tsige gashi da matsefata kowace safiya. Idan na duba bayan wuyanta sai in tarar fatar ta yi baƙi ta yi kauri, ta ce mini ta goge wurin da soso har ya yi ciwo domin ana ce mata dauɗa ce. Ba dauɗa ba ce, alama ce ta yawan insulin a jini. Idan na tambaye ta al'adarta, sai ta ce ai takan yi wata 3 ko 4 ba ta gani ba, kuma ba ta taɓa tunanin akwai abin da ya haɗa wannan da gashin ba.

Wannan haɗin shi ne ginshiƙin gano cutar. Tun daga taron masana da aka yi a birnin Rotterdam na ƙasar Holan a 2003, ƙa'idar da aka fi bi ita ce a sami biyu daga cikin abubuwa uku: al'ada marar tsari ko mai ɗaukewa, alamun yawan androjin a jiki ko a gwajin jini, da kuma tarin ƙananan ƙwayaye a hoton sikanin. Kafin a yanke hukunci wajibi ne a tabbatar ba wata cutar ce ke kwaikwayon ta ba, kamar matsalar tayiroid, wato ƙullin da ke gaban wuya, ko yawan sinadarin da ke kawo ruwan nono, ko wata lalurar gado ta ƙullin da ke saman ƙoda. Hoto shi kaɗai ba hujja ba ne, musamman ga yarinyar da ba ta kai shekara 8 da fara al'ada ba, domin a wannan lokacin ma'ajiyar ƙwai mai lafiya ma takan nuna irin wannan siffa. Akwai kuma abin da ba ya jiran gobe: idan gashin ya taso da sauri cikin 'yan watanni, murya ta fara kauri, jiki ya soma ɗaukar siffar namiji, to wannan ba halin PCOS ba ne, yana iya zama ƙari mai fitar da homon, kuma yana buƙatar bincike nan take.

Dalilin da ya sa nake cewa reza kaɗai ba ta isa ba shi ne abin da ke biyo baya idan aka yi sakaci. Mai wannan cuta ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da ciwon sukari, da sukarin da ke zuwa da juna biyu, da hawan jini, da taruwar kitse a hanta. Idan kuma al'ada ta riƙa ɗaukewa fiye da kwana 90, bangon mahaifa yana ci gaba da kauri ba tare da ya zube ba, kuma a tsawon shekaru hakan yana ƙara haɗarin sankarar mahaifa. Saboda haka ko macen da ba ta neman haihuwa, ko wadda gashin bai dame ta ba, tana buƙatar a daidaita mata al'ada, a kuma riƙa auna mata sukari da hawan jini daga lokaci zuwa lokaci.

Game da magani, gaskiyar da ya kamata a faɗa tun farko ita ce cutar ba ta warkewa gaba ɗaya, amma ana shawo kanta sosai. Ga mai ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki yakan isa ya dawo da al'ada kan tsari, ya kuma rage ƙarfin androjin. Jagorar ƙasa da ƙasa kan kula da wannan cuta da aka sabunta a 2023 ba ta fifita wani tsarin abinci a kan wani ba, abin da ta nema shi ne cin abinci mai kyau da mace za ta iya ɗorewa a kansa, da motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Ina ƙara da cewa bai dace a sallami mace da kalmar "je ki rage ƙiba" kawai ba, domin ita kanta cutar tana sa rage nauyi ya yi wuya, kuma siririyar da ke da ita ba ta da abin ragewa.

Maganin farko na gashi da rikicewar al'ada ga wadda ba ta neman ciki a yanzu shi ne ƙwayar tazarar haihuwa mai haɗe da homon biyu. Na san wannan yana ɗaga hankalin iyaye idan aka rubuta wa budurwa, amma a nan aikinta shi ne ta kwantar da ma'ajiyar ƙwai daga fitar da androjin, ta sa hanta ta ƙara furotin mai riƙe shi, ta kuma kare mahaifa, kuma ba ta hana haihuwa bayan an daina sha. Ba kowa ce za ta sha ba: mai tarihin daskarewar jini, da mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba, da mai irin ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, da mai shan taba da ta haura shekara 35, duk sai an nema musu wata hanya. Idan an yi wata 6 ba a gamsu ba, likita yana iya ƙara spironolactone, wanda ke toshe aikin androjin a saiwar gashi, sai dai da sharaɗi mai nauyi, wato kada a ɗauki ciki ana shansa, domin yana iya taɓa halittar ɗan tayi namiji. Metformin yana taimakawa wajen sukari da nauyi da al'ada, amma tasirinsa a kan gashi kaɗan ne. Wadda kuma ke neman haihuwa ta sani cewa hanyarta daban ce, letrozole ne maganin farko na sa ƙwai ya fita, kuma mafi yawan masu wannan cuta suna haihuwa, wasu da taimakon magani, wasu ba tare da shi ba.

A kan wata 6 ɗin nan nake so in tsaya, domin a nan ne mata suka fi karaya. Gashi yana da zagayen girma na watanni, kuma magani ba ya taɓa wanda ya riga ya fito, sabon da ke tasowa ne yake fitowa a hankali kuma siriri. Matar da ba a yi wa wannan bayani ba za ta sha ƙwaya wata 2, ta duba madubi ta ga babu canji, ta watsar, ta koma ga masu tallar man shafawa da ke alkawarin kashe gashi cikin mako guda. Wasu daga cikin irin waɗannan mayuka, musamman na sauya launin fata, suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi wanda ke sirantar da fata, ya kawo ƙuraje, har ya ƙara fitar da gashin da ake gudu. Laifin wannan karaya rabinsa namu ne, mu da muka miƙa takardar magani ba mu ɓata minti biyu mun faɗi lokacin da za a jira ba.

Tun da magani ba ya mayar da gashin da ya riga ya yi kauri, cire shi daga waje wani ɓangare ne na jinya, ba abin raini ba. Aski ba ya ƙara wa gashi kauri ko yawa, yanke shi da aka yi ne yake sa bakinsa ya yi kaushi a hannu, kuma ya fi tsiga sauƙi ga fata, domin tsiga da matsefata ko zare ko kaki takan sa gashi ya murɗe ya koma cikin fata, ya bar kumburi da baƙin tabo mai daɗewa. Akwai man eflornithine da ke rage saurin tsirar gashin fuska, ana fara ganin amfaninsa cikin mako 4 zuwa 8, amma gashin yana dawowa idan an daina. Hasken leza yana rage gashi na dogon lokaci bayan zama da yawa, sai dai yana bin baƙin launi ne, saboda haka ga mai duhun fata na'urar da ba ta dace ba tana iya ƙona ta. Nau'in da ake kira Nd:YAG shi ne ya fi aminci ga irin wannan fata, kuma haƙƙin mace ne ta tambayi sunan na'urar, ta nemi a fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri. Ƙona saiwar gashi ɗaya bayan ɗaya da siririyar allura mai lantarki yana kashe ta har abada, amma yana cin lokaci, ya fi dacewa da ƙaramin wuri. Duk wanda aka zaɓa, idan ba a kwantar da androjin daga ciki ba, sababbin saiwoyi za su ci gaba da farkawa.

Ba zan rufe ba sai na ambaci abin da ba ya fitowa a gwajin jini. Ciwon damuwa da fargaba sun fi yawa a tsakanin masu PCOS, har jagorar 2023 ta nemi a riƙa tambayar kowace mai cutar halin da zuciyarta ke ciki. Macen da ke guje wa haske da hoto da taron jama'a, wadda ba ta yarda mijinta ya taɓa fuskarta ba, ba son kwalliya ne ya yi mata yawa ba. Miji da uwa da ƙawa su sani cewa zolaya a kan wannan gashi tana iya hana mace zuwa asibiti shekaru, alhali kalma ɗaya ta rakiya tana iya kai ta.

Ga 'yar'uwata da ta ga kanta a cikin wannan wasiƙa, ina ba ki shawara ki fara rubuta ranakun al'adarki tun daga wannan wata, ki ɗauki hoton wuraren da gashin yake kafin ki aske domin likita ya ga ainihin yawansa, ki tafi da duk mai da maganin da kike amfani da su, na asibiti da wanda ba na asibiti ba. Ki faɗi abin da ya fi damunki da bakinki, ko da gashin ne ba haihuwa ba, ki kuma nemi a auna miki sukari da hawan jini a wannan zuwan.

Wassalam.

Daga wata ma'aikaciyar jinya a sashen mata.