Fitilar tsarkake ruwa tana aiki, amma ba ta bin ruwan zuwa randa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan wata na'ura da ta fara yawaita a Zariya, a masana'antun ruwan leda da gidajen masu hali da suka haƙa burtsatse, wato fitilar da ke kashe ƙwayoyin cuta da hasken altirabayolet, wanda masu sana'ar ruwa ke kira UV. Na ga mutane sun ɗauke ta tamkar laya, da zarar an kafa ta sai hankali ya kwanta, kuma wannan kwanciyar hankalin ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ba sabon ilimi ba ne. Tun 1877 wasu masana biyu a Ingila suka gano cewa hasken rana yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, kuma a 1910 aka fara tsarkake ruwan sha da irin wannan fitila a birnin Marsai na Faransa. Fitilar doguwa ce, tana cikin bututun wani gilashi na musamman, ruwa yana zagaye ta yana wucewa. Hasken da take fitarwa, ido ba ya ganinsa, amma yana ratsa ƙwayar cuta ya lalata sinadarin gadon da take hayayyafa da shi, kuma ƙwayar da ta kasa hayayyafa ba za ta iya kwantar da mutum ba. Cikin daƙiƙoƙi aikin ya kammala.

Alfanunta a fili yake, kuma ba zan rage mata komai ba. Ba a zuba wani sinadari a ruwan, saboda haka ba ya sauya ɗanɗano ko ƙamshi, wanda kuwa ya taɓa fama da tsofaffi a kan ruwan da aka sa wa kulorin ya san muhimmancin wannan, domin sau da yawa sukan ƙi shi su koma rijiyar da suka saba. Ba a ƙona itace ko gawayi ko gas kamar yadda tafasawa ke buƙata, kuma wutar da ƙaramar fitilar gida ke ci ba ta wuce ta ƙwan lantarki ɗaya ba. Tana kashe ƙwayoyin kwalara da na taifot, har ma da wata ƙwayar gudawa mai taurin kai da ake kira kiriftosforidiyam, wadda kulorin ba ya yi mata komai. Wannan ƙwayar ce ta kwantar da mutane kimanin 400,000 a birnin Milwoki na Amurka a 1993, duk da cewa ruwan garin yana da kulorin. Yau birnin Niyok yana bi da mafi yawan ruwansa ta irin waɗannan fitilu.

To amma Zariya ba Niyok ba ce. Abu na farko shi ne wuta. Fitilar ba ta aiki sai da lantarki, alhali ruwan da ke tankin sama yana ci gaba da gangarowa ko da wuta ko babu. Idan aka ɗauke wuta da tsakar rana, ruwan da bai ga haske ba zai bi ta cikin na'urar ya fito ta famfo, fes da shi, babu abin da zai nuna wa mai sha bambancin. Duk wanda bai haɗa ta da sola ko batir ba, kuma bai sa abin da zai tsayar da ruwan idan ta mutu ba, ya sayi kariya ta rabin yini ne kawai.

Sannan haske ba ya ratsa duhu. Idan damina ta sauka, ruwan rijiyoyinmu da na kogin Galma yakan yi ja da laka, kuma kowane ɗan ɓurɓushin ƙasa inuwa ce da ƙwayar cuta ke fakewa a bayanta. Dole sai an tace ruwan ya yi garau kafin ya isa fitilar, ko da matata ko ta hanyar kwantar da shi da alif. Ruwan burtsatse mai ƙarfe ko gartsi kuma yakan shafe gilashin da tsatsa, hasken ya dushe, sai an riƙa ciro shi ana gogewa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali na gan shi ne a gidan ƙanena. Shekara uku da suka wuce wani mai aikin famfo ya kafa masa wannan na'ura, bai kuwa gaya masa cewa ana canza ƙwan kusan duk shekara, bayan awa kimanin 9,000 na aiki, ba. Ƙwan ya ci gaba da bayar da shuɗin haskensa, kowa yana gani yana cewa lafiya lau, alhali hasken da ke kashe cutar, wanda ba a gani, ya daɗe da raunana. Sai da yaransa biyu suka kwanta da gudawa muka fara bincike. Ba zan rantse cewa ƙwan ne kaɗai sanadi ba, domin a ranar na tsaya na kalli yadda ake mu'amala da ruwan a tsakar gidan: daga famfo zuwa bokiti, daga bokiti zuwa randa, sannan moɗa ɗaya da kowane yaro ke tsomawa da hannun da ya gama wasan ƙasa. Kulorin yakan zauna a cikin ruwa na wani lokaci yana ci gaba da gadinsa, hasken nan kuwa da ruwa ya wuce shi aikinsa ya ƙare. A garin da yawancinmu muke ajiye ruwa a randa da jarka, muke kuma saye a hannun 'yan ga-ruwa, wannan babban giɓi ne, musamman idan muka tuna kwalarar 2021 da ta kama mutane fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, akasarinsu a nan Arewa.

Haka kuma hasken ba ya cire guba. Da a ce ruwa yana ɗauke da dalma, irin wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko takin zamani da maganin feshi da suka tsiyaye daga gonaki, zai wuce fitilar da gubarsa yadda ya shigo. Ƙwan kansa yana ɗauke da zaiba, don haka bai kamata a jefar da tsohon a bola inda yara za su fasa shi ba, kuma kallon haskensa kai tsaye yana illa ga ido.

Ina kira ga NAFDAC, wadda ke ba masu ruwan leda lamba, da ta sa ya zama wajibi a rubuta ranar da aka sa ƙwan a jikin kowace na'ura, domin mai duba ya gani da idonsa. Masu sayarwa kuma su ji tsoron Allah su faɗa wa mai saye gaskiyar kuɗin ƙwan da matatar da zai riƙa canzawa. Shi kuwa talaka da ba shi da halin na'ura, ma'aikatan lafiya na unguwanni su koya masa cewa ranar da Allah ya hore mana tana ɗauke da irin wannan haske: idan aka cika robar ruwa mai tsabta, wadda ake ganin cikinta, da ruwa garau, aka kwantar da ita a kan kwanon ɗaki na awa 6 a rana mai ƙarfi, ko kwana 2 idan akwai hadari, ruwan zai shawu. A gidan ƙanena mun canza ƙwan, mun rubuta kwanan wata a bango, randar kuma mun maye ta da bokiti mai murfi da famfo.

Wassalam.

Wani malamin makaranta mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya.