Godiya ga masu gyaran kwamfuta na unguwar Zariya, Maraɗi

Assalamu alaikum. Ni ne mai riƙe da lissafi a wani shagon sarin shinkafa da mai da sukari kusa da babbar kasuwa. Na rubuto in gode wa ɗan biron nan naku a bainar jama'a, don ta fatar baki ba ta ishe ni ba.

Uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da duk aikin shagon, ɗaya gare mu, an raba cikinta da manhajar Proxmox ta zama kamar kwamfuta 4: ta lissafi, ta sito, ta rasit, da mai ajiye kwafin komai. Da zafin Afrilu ya kankama sai ta tsiro da wani hali. Da safe lafiya lau. Amma da la'asar, motoci na sauke kaya, yara na buga rasit, sai komai ya sandare kamar rabin minti, ya saki, ya sake sandarewa. Ranar ƙarshen wata kuwa ta lissafi ta ƙi karɓar rubutu sam, Alhaji na tsaye a kaina yana jan carbi, direbobi na gasuwa a rana.

Mutum biyu na kira kafin ku. Na farko ko murfi bai buɗe ba ya ce fayafan ajiya ne suka mutu. Muka sayo 2 daga Kano, sama da jaka 100, ciwo na nan inda yake. Na biyu ya ce bairos ne, a goge komai a zuba sabo. Lissafin shekara 6! Na raka shi bakin ƙofa na ce Allah ya kiyaye hanya.

Yaron da kuka turo, ɗan siriri, bai fi sa'ar ɗana na fari ba, cewa ya yi: "Baba, a ba ni kujera kawai." Bai taɓa sukudireba ba sai da ya gama karanta rajistar da na'urar ke rubutawa da kanta. Ya ɗora yatsa a kan wani layi da ke ta maimaituwa, kullum wajen ƙarfe 5 na yamma. Ya ce fayafan lafiyarsu ƙalau, gwajin lafiyar faifai da ake kira SMART ya nuna. Matsalar tana katin RAID, wanda duk abin da zai shiga faifai ko ya fito sai ta hannunsa, kamar mai tsaron ƙofar sito. In kaya suka yi masa yawa ya ɗau zafi, sai ya yi shiru. Linux, manhajar da ke tafiyar da na'urar, na jiran amsa daƙiƙa 30, in bai samu ba ya sa a sake tayar da katin. Ashe rabin mintin da ke cin raina ke nan.

Da ya buɗe, na ji kunya. Ƙurar hunturu ta yi bargo a ciki, fankar da ke hura katin ta tsaya cik, man da ke tsakanin katin da ƙarfen sanyaya shi ya bushe kamar ƙanzo, batirinsa ya kumbura. Ga shi kuma an saita ɗaukar kwafi daidai ƙarfe 5, lokacin da ciniki ya fi zafi. Ya share, ya canza fanka da batir, ya sabunta manhajar katin, ya mayar da kwafin tsakar dare, ɗaya bayan ɗaya. Bayan magariba ya labta wa na'urar aiki da gangan har awa 2, muna shan shayi yana duba zafinta. Ko gezau.

Jaka 35 kuka karɓa. Fayafan Kano ya ce in adana, wata rana za su yi amfani. Ƙarshen watan Mayu kuma sai ga shi ya leƙo ba tare da an kira ba.

Abin da ke damuna a garin nan, daga mai gyaran waya har mai gyaran babur, kowa bakinsa "a canza". Ba mai zama ya saurari ciwon, kuma in ka tambayi dalili sai a yi maka Faransanci. Firijin gidana ma sau 3 ana canza masa kaya, har yau ruwan randa ya fi nasa sanyi.

Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya ƙara muku kasuwa.