Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, kan robar fitsari da ƙwayoyin cutar da ke manne mata

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ma'aikatan jinya sun san cewa robar fitsari in ta daɗe a jikin majiyyaci, sau da yawa zazzaɓi na biyo baya. Bakteriya ce ke manne wa robar, ta hayayyafa, ta lulluɓe kanta da yauƙi kamar gansakukar randa. Da ta kai wannan matsayi, da ƙyar magani ke ratsa ta. Sai a ƙara allura, ita kuma ta ƙara taurin kai. A 2019 kaɗai, bijirewar bakteriya ga magunguna ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya.

Wasu masana sun gwammace su hana ta wurin zama tun farko. A 1993 ɗakin binciken George Whitesides na Jami'ar Harvard ya fito da dabarar buga zanen sinadari a kan shafen zinare da ɗan hatimin roba mai laushi. Inda aka buga sinadari dangin ethylene glycol, ruwa ke rufe wurin, furotin ba ya kamawa, bakteriya ta rasa madafa. Inda aka sa sukarin mannose kuwa, bakteriyar E. coli kan cafke shi da gashin jikinta ta zauna daram. Ke nan mai bincike ne ke zaɓa mata masauki, ya ƙirga ta, ya gane abin da take so da wanda take ƙi.

A 2012 masanan Jami'ar Nottingham ta Ingila sun jera ɗaruruwan nau'o'in roba ɗigo-ɗigo a kan gilashi, suka zaƙulo waɗanda bakteriya ba ta iya kamawa. Daga baya kamfanin Camstent na Ingila ya fara shafa irinsu a robar fitsari. Ba wai an gama ba ne, domin dattin fitsari da jini kan rufe shafen a hankali, shi ya sa gwaji a kan ƙwayoyin cutar da ke asibitocinmu ya zama dole.

Ranka ya daɗe, umarnin shugaban ƙasa na 2024 ya sauƙaƙa haraji ga masu ƙera magunguna da kayan asibiti a gida. Roƙona shi ne a ware kuɗi a haɗa masana sinadarai na cibiyar binciken magunguna ta ƙasa (NIPRD) da cibiyar kimiyya da fasaha ta Sheda (SHESTCO) da masu binciken ƙwayoyin cuta na asibitocin koyarwa na Shika da Kano, su fara gwada shafe-shafen nan kafin masana'antunmu su soma fitar da robar.

Na gode.
Wani malamin kimiyya daga Zariya